Matar da ke Cikin Tabulet

Yantala, Yamai.

Zuwa gare ki, yayar su Bashir,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki da lafiyar jiki da kwanciyar rai, Ya tsare gabanki da bayanki, Ya sa duk inda kika sa ƙafa ki tarar da mutanen kirki.

Na san za ki yi dariya. Ɗakinki yana kallon nawa, tsakar gida ce kawai tsakaninmu, ga ni kuma ina rubuto miki takarda kamar wadda ke Agadas. Kin dai san dalili. Ke ce ɗiyar fari, kuma a gidanmu na Maraɗi uwa ba ta zama ta yi doguwar hira da ɗanta na fari, ba ta kama sunansa, ba ta yabonsa. Haka na taso na gani, haka na yi miki. Bakina ya riga ya saba. Hannuna kuwa hannun malamar makaranta ne, ya daɗe yana rubutu a gaban jama'a, shi ba ya jin kunyar kowa.

Babanku ya kawo mini maganar da kika yi masa. Wai ba za ki tafi aikin gwajin da makarantar likitanci ta tura ki can jihar Tawa ba. Za ki nemi a ɗaga miki, ko da shekarar za ta zube, don ki tsaya har a yi mini aikin da za a yi mini. Dalilinki kuma shi ne in kin juya baya zan koma in yi shiru da ciwo kamar yadda na yi a baya. Ban ga laifinki ba, ni na koya miki wannan tsoron. Amma ina so ki tafi, kuma kafin ki yanke magana ki karanta wannan har ƙarshe. Ba labarin gari zan ba ki ba. Wuraren da na yi kuskure a kan karatun nan naki zan nuna miki, ko kya tsinci abin da zai amfane ki.

Na koyar da yara har na aje alli, hanya ɗaya na sani: in rubuta a allo, su kwafa, su haddace, gobe su kawo hadda. Wanda ya manta kalma ɗaya ya san sauran. Kina tuna lokacin da kina firamare aka ba ku darasin yadda abinci yake bi a ciki? Na buɗe kayenki, littafin rubutunki, don in duba, sai na tarar ba ki kwafi komi ba. Kin zana mutum tun daga baki, maƙogwaro, tumbi, hanji ya nannaɗe, kin bi shi da jan fensir da kore, har da 'yar lomar tuwo tana gangarawa. Na yage shafin. Ban ma yi miki magana ba, ƙanwata Rabi na kira, tantinki da ke zaune da mu lokacin, wadda ita ce bakina a wajenki. Na ce, "Rabi, hwaɗa ma waccan lakwal wurin karatu ce, ba wurin zane-zane ba." Kina tsaye kina ji. Washegari kika kawo haddar babu kuskure, na ɗauka na gyara ki. Yanzu na tabbata wannan shafin ya fi duk abin da na rubuta a allo bayani, don ni kaina in aka tashe ni a yau, zanenki nake tunawa, haddar ta tafi. To ga shawarata ta farko. In majinyaci ya zauna gabanki, kada ki karanta masa hadda. Ki zana masa. In akwai tabulet ki nuna masa, in babu ki juya bayan takardar magani, in ita ma babu ki tsuguna ki zana a ƙasa. Mutum yana shan maganin da ya gane dalilinsa.

Ban yi hankali ba daga nan. Kina shekarun farko a makarantar likitanci, ana bikin ɗiyar maƙwabtanmu, mata sun taru a gidanmu ana ƙunshi. Kowa na ta fulawa da ganye, ke da ƙawarki Hawa ta Gamkalle kuka keɓe gefe guda. Da aka wanke lalle na ga hannuwanku: jijiyoyin hannu ne kuka zana wa juna, tun daga wuyan hannu har kan yatsu, kowace da hanyarta, wai kuna da jarrabawa. Wata tsohuwa ta kama hannunki tana juyawa, ta ce, "Wanga wane irin yayi ne kuma ya hito?" Ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Na yi kwanaki ina cika ina batsewa. Amma ina kallonki ta gefen ido, kina wanke-wanke kina duban hannunki, leɓenki na motsi. Kina daka kina dubawa. Kafin lallen ya goge karatun ya zauna. Ban taɓa gaya miki ba, abin ya burge ni ƙwarai. Kada ki bar wannan hali don kin zama babba. Duk abin da hannunki ya kai gare shi, in zai koyar, ki koyar da shi.

Sai tabulet ta shigo gida. Ranar da na fara leƙa ta, kin aje ta a kan tabarma kin tafi alwala. Me zan gani? Mutum tsaye, babu riga babu wando. Na sami Babanku na ce masa, "Malam, ka duba abin da yarinyar nan ta ke kallo, ni dai ban gane ba." Ya murtuke fuska, ya kira ki, ya ce a kawo. Ina daga ɗaki ina jiran in ji faɗa. Shiru. Can sai na ji muryarsa yana cewa, "Sake juyo shi. Ah! To wanga hwa, mi ne ne aikinai?" Na leƙo, na tarar kin taɓa mutumin da yatsa fatarsa ta ɗauke, tsoka ta bayyana. Kika sake taɓawa, tsokar ta kau, ga haƙarƙari. Kika buɗe haƙarƙarin kamar ana buɗe ƙyaure, ga zuciya tana bugawa, jini ja yana fita ta nan, mai duhu yana shiga ta can. Mutumin da na aika ya yi hukunci ya manta da ni, har aka kira magariba yana tambaya. Da ya shigo ya ce mini, "Hajiya, shekara da shekaru ina ɗauke da wagga zuciya, yau na gan ta." Na ji kunya, don na yi miki mummunan zato a kan abin da ban tsaya na duba ba. Can inda za ki, akwai waɗanda za su ga hoton nan su kau da kai kamar yadda na yi. Kada ki raina su, kada kuma ki ɗora musu shi a fuska. Ki fara da hannu ko ƙafa, abin da ba ya tayar da hankali, sai ido ya saba. Kuma ki lura da wanda ke tsaye a bayanki yana kallo.

Daga ranar na zama 'yar kallo. In ku Hawa kun taru ƙarƙashin dogon yaro bayan la'asar, sai in ɗauko zogale in zauna nesa kaɗan ina tsinka, wai ba ruwana da ku. Nan kuwa kunnena yana wurinku. Na ga tambayoyin nan masu hoto da suke dawowa: in kin ci, su bar ki ki huta, in kin faɗi, gobe su tare ki. Na ce a raina, wannan malamin ya fi ni, ba ya gajiya, ba ya zagi, ba ya riƙe da bulala. Na ga yadda kuke rage saurin bugun zuciya har ku ga ƙofofinta suna buɗewa suna rufewa. Na ji kuna sa abin kunne kuna sauraren numfashin mai lafiya da na mai ciwon huhu, kuna gardama. Na ji labarin mutum-mutumin roba da kuke koyon allura a jikinsa can makarantarku, ƙetaren gada. Mu a zamaninmu ƙwarangwal ɗaya ne a zane a bangon aji, rana ta cinye shi har ba a gane kai da ƙafa. Allah Ya saka wa waɗanda suka zauna suka ƙera waɗannan abubuwa. Ko su wane ne, sun yi aiki.

Wanda ya fi tsaya mini shi ne majinyacin nan na cikin tabulet, da kuke yi wa tambayoyi yana amsawa, ku zaɓi magani, ya samu sauƙi ko ya rikice. Wata rana ya mutu a hannun Hawa. Kuka kwashe da dariya, ta ce, "Kai, mun kashe shi! A sake." Na tashi da faranti na shige ɗaki raina a ɓace, na ce yaran nan ba su san mutuwa ba. Nan ma ban yi muku adalci ba. Daga baya na ga kun koma kun bi abin daki-daki har kuka gano inda ta kauce, kuma ba ta sake kaucewa a wurin ba. Gara ya mutu sau nawa a kan tabarmata da a ce ɗan wani ne. Sai dai ki riƙe wannan: na can ba su da wurin da ake taɓawa a sake. In kin yi shakka, ki tashi ki tambayi na gaba da ke, ko da zai yi miki tsawa a gaban mutane.

Yanzu na zo kan babban.

Kafin azumi ina wanka na ji ƙullutu a nonona na hagu. Ba ya ciwo sosai, yana nan dai. Da Rabi tana gidan da na gaya mata, ita kuma ta gaya miki, an wuce wurin. To Rabi ta koma Maraɗi tun da mijinta ya bar aiki, kuma wannan ba maganar da ake yi ta wayar talho ba ce. Babanku namiji ne. Ke kuma ke ce. Likita na cikin gidana, tana cin tuwona, na kasa buɗe baki in ce mata ga abin da ke damuna.

Sai na yi dabarar da na ɗauka wayo ce. Wata safiya kin tafi kin bar tabulet a caji, na ɗauka. Na sha ganin yadda kike yi, na lalubo matar, don akwai mace kamar yadda akwai namiji. Na taɓa ƙirjinta, fata ta kau. Na ga 'yan ƙwayoyi kamar duwatsun tsakiya sun yi jere har cikin hammata. Na yi ta taɓe-taɓe har na faɗa wani wuri mai hotunan ciwon da ya ci ya cinye. Faransancina na malamar firamare ne, rabi na gane, rabi na cika da tsoro. Na mayar da ita inda take, na zauna bakin gado, na yanke wa kaina hukunci cewa tawa ta ƙare. Ban gaya wa kowa ba. Na fara rabar da zannuwana a hankali, na daina zuwa kasuwar Petit Marché da kaina, na ƙara yawan nafila. Wannan ne kuskuren da ya fi kowane, kuma ba laifin tabulet ba ne. Ita ta nuna abin da ke iya faruwa ga kowace mace, ni na mayar da shi labarina. Kada ki taɓa barin majinyaci shi kaɗai da hoto. Yanzu kowa da talho a hannu, za su zo miki sun riga sun ga abin da ya hana su barci. Ki tambaye su abin da suka gani, sannan ki sa hannu ki duba, ki gaya musu nasu.

Ban san lokacin da kika lura ba. Daga baya Babanku ya ce kin gaya masa na daina ɗaga hannun hagu in ina shanya, kuma kin ga zanena na Makka a jikin mai kawo mana ganye. Idonki ne ya gani, ba na'ura ba, wannan ma ki riƙe shi.

Ranar dai an ɗauke kuran, babu wutar lantarki, zafi ya kore mu waje. Ina zaune a inuwa ina tankaɗe. Kika zo kika zauna, ba a gabana ba, a gefena, muna kallon wuri ɗaya. Kika aje tabulet a tsakaninmu, matar nan tana tsaye a ciki. Ba ki dube ni ba. Kika ce, "Inna, ki taimake ni da wani karatu. Wagga mata ta zo likita, amma ba ta magana. Ke da kin ka san mata, ina ki ke jin ya ke damun ta?"

Na gane. Kin san na gane. Na yi ta kaɗa rariya, gari ya ƙare ina ta kaɗawa. Ba ki matsa mini ba, ba ki kuma tashi ba. Can na goge hannuna a zane, na ɗora yatsa a kan nonon matar na hagu, ta sama, wajen hammata. Garin da ya rage a yatsana ya bar tabo a gilashin.

Kika ce, "Tun yaushe ta ke jin shi?"

Na ce, "Tun kahin azumi."

"Shina yi mata ciwo?"

"Ba sosai ba. Tsoro ta ke ji."

Sannan kika ce, "A hwaɗa mata ta bar jin tsoro ita ɗaya. Gobe in Allah Ya kai mu za a kai ta wurin malamarmu, mace ce, hannunta na da sanyi."

Na ce, "Za ta tahi."

Iyakar maganar ke nan. Tunda na haife ki ba mu taɓa yin hira mai tsawon wannan ba, kuma a kan wata mata muka yi ta, wadda ba ta da uwa ba ta da uba. Na koyar da yara masu yawa, na ga masu ƙwaƙwalwa iri-iri, amma ban taɓa ganin hikima irin ta wannan yammacin ba. Ba ki karya mini al'ada ba, ba ki kuma bar ta ta kashe ni ba. Waɗanda suka ƙera matar nan don ɗalibai su koyi sassan jiki suka yi ta. Ba na jin sun san wata rana za ta yi wa wata tsohuwa baki a Yantala. Wannan ke kika ƙara mata.

Sauran kin sani. An duba, an ɗauki hoto, an ɗebi ɗan nama an auna. Malamarku ta ce abin da nake tsoro ne, amma bai kai inda na kai shi a raina ba, kuma za a yi aiki a cire. Kin sake nuna mini a jikin matar inda za a yanka da abin da za a bari. Wannan karon da na kalla ban ji jiri ba, don kina kusa.

To yanzu ki saurare ni da kyau. Can inda aka tura ki, irina sun fi a ƙirga. Akwai wadda ba za ta faɗa a gaban surukarta ba. Akwai wadda za ta ce miki ciwon kai ne, alhali abin yana ƙasa da cibiya. Akwai wadda za ta gan ki yarinya sa'ar ɗiyarta ta kama bakinta. Za su zauna gabanki su yi ta murza bakin mayafi, a rubuta musu maganin zazzaɓi su koma gida da abinsu. Ke kin san yadda ake zama a gefensu. Kin san yadda ake cewa "wagga mata". In kin zauna nan kina gadina, wa zai yi musu? Ni ina da malamarku, ina da Babanku, Rabi ma ta ce tana tafe, ita za ta yi jinyata. Kuma ki yi tunani: in shekararki ta zube saboda ni, da wane ido zan dube ki? Na yage miki shafi kina ƙarama. Ba zan yage miki shekara ba.

Ki sauke duk abin da kike bukata a tabulet tun kina nan, don an ce can ba a samun rezo, layin sadarwa, sai an hau tudu. Ki riƙa cika ta da wuta duk lokacin da kika samu, ki ɗaure ta a leda saboda ruwa. Ki bar ma'aikatan wurin su taɓa ta, musamman ungozoma da masu jinya, kada ki riƙe ta kamar sarauta. Su ma suna da abin da za su nuna miki wanda babu shi a ciki. Ki ci abinci. Ki riƙe sallarki. In an kawo miki kaza don an ji daɗin aikinki, ki yi godiya da kyau.

Na san abin da za ki ce: duk wannan na ji, amma wa ya tabbatar mini Inna ba za ta sake yin shiru ba? Ga alkawarina, Allah ne shaida. Ranar da aka fito da ni daga aiki, da zarar na iya riƙe talho, ni zan kira ki, ba Rabi ba, ba Babanku ba. In da ciwo zan ce da ciwo. In na ji wani abu sabo, ke za ki fara ji, da bakina, ba a jikin wata mata ba.

Na san alkawarin wanda ya saba shiru yana son shaida. Ki buɗe jakarki, ƙarƙashin zannuwa akwai farar rigarki ta aiki. Na ɗauke ta daga igiya shekaranjiya, kina ta nema kina zargin su Bashir. Ki duba saman aljihu. Tela zai fi ni iyawa, amma ban kai wa tela ba. Da shuɗin zare na ɗinka, da hannun dama, harafi bayan harafi, ɗaya ma ya ɗan karkace. Da na gama na rufe ƙofa, na ɗaga rigar, na karanta abin da na ɗinka a fili. Sannan na sake karantawa. Tun ranar da liman ya raɗa miki shi ban taɓa jin sa a bakina ba. Ashe yana da daɗin faɗa.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin mutum, Ya sa waraka a hannunki, Ya dawo mini da ke in gan ki da idona. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini.

Ki shiga motarki ki tafi, Balkisa. Zan kira ki.

Innarki.